Abin da ya kamata ku sani kafin ku canza wa batirin jirgin ruwa mazauni

A jiragen ruwa masu inji a baya, irin waɗanda ke fito tsakanin Yauri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, ko masu jigilar kifi a tafkin Chadi, kusan duk abu mai nauyi wuri guda yake taruwa. Inji na rataye a gindin jirgi, tankin mai da jarkokin fetur na gabansa, matuƙi na zaune riƙe da hannun inji, idan kuma injin mai tashi da makulli ne, batir na nan kusa da ƙafarsa. Ko masu injin da ake ja da igiya, da yawansu suna ajiye batir don fitila, ko famfon kwashe ruwa, ko cajin salula.

Ba abin mamaki ba ne mai jirgi ya so ɗauke batirin nan daga baya. Batirin ruwa mai amfiya 100 yakan kai kilo 25 zuwa 30, kuma idan nauyi ya yi wa baya yawa sai goshin jirgi ya ɗaga, jirgin ya riƙa jan gindi, mai ya riƙa ƙonewa a banza. Bayan haka, duk ruwan da ya shigo jirgi can baya yake gangarawa, inda batir yake zaune. Babban dalili dai shi ne fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan jirgi. Batir kuwa, duk lokacin da kansa ya yi sako-sako ko sifana ta taɓa kawunansa biyu, tartsatsi yake fitarwa. Raba batir da jarkar fetur dabara ce mai kyau, babu mai musun wannan.

Ɗaukar batir a kai shi gaba aikin minti biyu ne. Inda kuɗi da hankali suke shiga shi ne waya, kuma a nan ne ake yawan ɓata aikin.

Wayar da ta zo da inji an auna ta ne daidai da tsawonta. Kamfanin da ya ƙera injin ya san yawan wutar da kik yake zuƙa, wato ƙaramin injin lantarkin da ke murɗa babban inji har ya tashi, sai ya zaɓi kaurin da zai isar da wutar a wannan ɗan tsawo. Da zarar an ƙara tsawo, lissafin ya rushe. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da dogon tiyo siriri ya san ruwan da ke fita a ƙarshe ba ya kai ƙarfin wanda ya shiga. Haka wuta take a cikin waya: tana raguwa gwargwadon tsawo, tana raguwa gwargwadon sirantaka, abin da ya ɓace kuma zafi yake komawa a jikin wayar. A gidan da wutarsa ke da bolt 230, asarar bolt biyu ba wanda zai lura da ita. A jirgin da duk jarinsa bolt 12 ne, bolt biyu kashi ɗaya ne cikin shida.

Akwai kuma abin da masu gyaran mota ke mantawa idan aka kira su bakin ruwa. A mota, waya ɗaya ce ke kai wuta, ƙarfen jikin motar ne ke dawo da ita, shi ya sa mai rewaya ke ɗaure baƙar waya a bodi ya ce ya gama. Jirgin katako ko na faiba ba shi da wannan hanyar dawowa. Dole a ja waya biyu, ja da baƙa, masu kauri ɗaya, kuma tsawon da za a lissafa shi ne na zuwa da dawowa. Idan tsakanin batir da inji mita 6 ne, wutar mita 12 take tafiya. Jirgin ƙarfe ko na alminiyam ma ba a yarda a mayar da jikinsa hanyar wuta ba, domin wutar da ke bi ta jikin jirgi a cikin ruwa cin ƙarfen take yi, wata rana sai dai a ga huda.

Lissafin ba shi da wuya, kowa zai iya yinsa a salularsa. Ku ɗauki tsawon waya na zuwa da dawowa a mita, ku ninka da yawan amfiyar da za ta bi ta ciki, ku ninka da 0.0175, wanda shi ne ma'aunin turjiyar jan ƙarfe, sannan ku raba da lambar kaurin wayar, wato 16 ko 25 ko 35 ko 50 ɗin da masu shago ke faɗa. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da zai ɓace a hanya.

A ce kik ɗin injinku yana jan amfiya 150, wayar da ta zo da shi kuma mai lamba 16 ce, tsawonta mita 2. Zuwa da dawowa mita 4 ke nan, asara kusan bolt 0.66, kuma inji yana tashi lafiya. Yanzu an matsar da batir mita 4 gaba, an ja sabuwar waya mai lamba 16 ɗin dai. Tafiyar ta zama mita 12, asarar ta kai kusan bolt 2. Ku tuna shi kansa batirin, wanda yake nuna 12.6 idan ya cika yana hutawa, yakan sauko wajen bolt 10 a lokacin da kik ke ja. Abin da zai isa ga kik bai fi 8 ba. Sai ku ji yana nishi, ko yana ƙas-ƙas ba ya juyawa, a ce batir ya mutu, a je a sayo sabo, shi ma ya yi haka. A daidai wannan lokacin wayar tana fitar da zafin da ya kusa wat 300. Idan aka sa mai lamba 35, asarar za ta dawo bolt 0.9. Sai an kai mai lamba 50 kafin a koma 0.63, wato inda aka fito. Tsawo ya ninku sau uku, kauri ma sai ya ninku sau uku.

Amfiya 150 ɗin nan misali ne kawai. Injuna sun bambanta, manya suna jan fiye da haka, kuma littafin da ke zuwa da inji yakan faɗi irin batir da wayar da yake buƙata. Injunan zamani masu ƙwaƙwalwar lantarki sun fi tsoffin tsantseni: idan wuta ta faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwar ke so, kik zai iya juyawa amma injin ya ƙi kamawa. Sannan wannan wayar ce dai ke mayar da caji cikin batir idan inji na aiki, don haka siririyar waya ko mahaɗa mai tsatsa tana hana batir cika.

Wayoyin da ake shigowa da su daga Amurka lambarsu a juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar waya. Mai lamba 6 a tsarinsu ta yi kusan 13 a namu, mai lamba 4 kusan 21, mai lamba 2 kusan 34, mai 1/0 kuma ta ɗan wuce 50. Kada mai shago ya rikita ku da wannan.

Kauri kaɗai bai isa ba, sai an duba abin da ke cikin robar. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa fatar jan ƙarfe. A ido kyakkyawa ce, ga sauƙin kuɗi, amma alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, don haka mai lamba 35 irin wannan ba ta kai ta gaske mai lamba 25 ba. Ga shi kuma danshi na cinye ta da sauri, tana karyewa idan ta sha lanƙwasa. Araha ba ta ado. Gane ta ba wuya: ku feɗe bakin, ku kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan waje ja ne ciki fari, alminiyam ce, ku ajiye masa kayarsa. Ta fi ta gaske sauƙi a hannu ma. Wayar da aka yi musamman don jirgin ruwa akasin haka take, waje fari ciki ja, domin jan ƙarfe ne da aka shafe kowane silinsa da kuza don kada ya yi tsatsa. Ita ce ta fi, musamman a ruwan gishiri irin na Legas da Fatakwal. A ruwan daɗi irin na Kwara da Binuwai, jan ƙarfe tsantsa zai yi aiki shekaru idan an toshe bakunansa da kyau. Mutane da yawa suna amfani da wayar masu walda saboda taushinta da samuwarta. Tana ɗaukar wuta sosai, amma ba kowace ce robarta ke jure fetur da baƙin mai ba, sai a tambaya, a kuma nisanta ta da inda mai ke zuba. Wayar gida mai sili ɗaya ƙaƙƙarfa kuwa ba ta da wuri a jirgi ko kaɗan. Girgizar inji da dukan ruwa za su karya ta daga ciki, roba na nan lafiya a waje.

Sai maganar haɗi, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci. Abin da aka saba gani shi ne a feɗe tsohuwar waya da sabuwa, a murɗe su tare, a naɗe da baƙin salatif, a jefa ƙarƙashin katako. Ranar farko inji zai tashi. Bayan wata biyu ruwa ya shiga, silin ya yi kore, haɗin ya fara turjiya. Mahaɗar da ke cinye bolt ɗaya da rabi a amfiya 150 tana tara zafin wat 225 a wurin da bai fi ɗan yatsa ba, kuma sau da yawa wurin yana kusa da tiyon mai. Mafi kyau shi ne a cire tsohuwar waya gaba ɗaya, a ja sabuwa guda daga batir har cikin inji, babu haɗi a tsakani. Idan babbar wayar ba za ta shiga ramin da ke jikin inji ba, ko kaurinta zai hana inji juyawa dama da hagu, to a bar ta inji yadda take, a kafa sandunan haɗi guda biyu masu gindin roba a wuri busasshe, sama da inda ruwa ke kaiwa, ɗaya na ja ɗaya na baƙa, kowanne da murfinsa. Tsohuwar waya da sabuwa su haɗu a kan sandar, a ɗaure da noti. Sai dai a sani cewa asarar tsohuwar wayar na nan, ta sabuwar ƙari ce a kanta. A misalinmu na ɗazu, ko da mai lamba 50 aka yi ƙarin, jimillar za ta ɗan haura bolt ɗaya. Shi ya sa wayar ƙari ba ta taɓa zama daidai da ta asali, dole ta fi ta.

Kowane bakin waya yana buƙatar zoben jan ƙarfe daidai kaurinsa, daidai kuma da sandar da zai hau. A matse shi da abin matsewa na gaske, ba a ɗora a kan dutse a buga da guduma ba. Gwajinsa shi ne a ja da ƙarfi, in ya zame aikin bai yi ba. Wasu suna cika zoben da dalma su ce ya fi riƙo. Ƙa'idar ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda tun 1954 take tsara yadda ake ƙera ƙananan jiragen ruwa da haɗa wutarsu, ba ta yarda dalma kaɗai ta riƙe mahaɗa ba a galibin wayoyin jirgi. Dalilin a fili yake: dalma na bin sili ta sandarar da shi, wurin ya zama mai saurin karyewa, in kuma haɗin ya yi zafi sosai sai ta narke wayar ta fice. Bayan matsewa, a rufe wuyan zoben da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, irin mai gam a ciki, don kada danshi ya bi sili ya shige. Danshi yana iya tafiya nesa a cikin waya, ka feɗe ta ka tarar ta yi baƙi har kamu guda daga baki.

A kan batir ma akwai tsari. Babban zobe shi ne a ƙasa, yana taɓa kan batir kai tsaye, ƙanana su biyo baya, washa da noti a can sama. Kada a sa washa a tsakanin zobe da kan batir, musamman ta farin ƙarfe mara tsatsa, domin ba ta ɗaukar wuta da kyau, zafi take yi. Notin nan mai kunnuwa da ake ɗaurewa da hannu bai dace da manyan wayoyi ba, girgiza na kwance shi, a sa na sifana. Kada kuma a jibga fiye da zobe huɗu a sanda ɗaya. In an gama ɗaurewa a shafa ɗan giris ko basilin a sama, a rufe jan kan da murfin roba.

To ina za a kai batirin? Ba can goshi ba. Goshi ne ya fi ko'ina shan duka idan iska ta taso, kuma masu tuƙi a Kainji da damina sun san irin dukan da ake nufi. Wannan jijjiga tana zubar da ruwan batir, tana kakkarya farantan cikinsa, ga shi kuma kowace mita da aka ƙara kuɗin waya ne. Wajen tsakiyar jirgi ya fi, a ƙasa-ƙasa, a kan layin tsakiya don kada jirgi ya karkata, amma a ɗaga shi a kan katako sama da inda ruwa ke taruwa. Sau da yawa matsar da shi mita ɗaya da rabi ko biyu ya wadatar. Kafin a sayi ko da kamu ɗaya na waya, a ɗora buhun yashi mai nauyin batirin a wurin da ake tunani, a zagaya da jirgin a ga yadda yake zama. Wani lokaci za a tarar matsar da jarkokin mai ne ya fi sauƙi, batir ya zauna inda yake.

A sa shi cikin akwatin roba mai murfi, a ɗaure akwatin a jikin jirgi. Dokar Amurka ta ƙera ƙananan jirage ta ce idan aka ja batir da ƙarfin da ya kai kusan kilo 41, ko ninki biyu na nauyinsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kada ya motsa fiye da inci ɗaya ta kowace fuska. Ta kuma hana ajiye shi daidai sama ko ƙarƙashin tankin mai, ko matatar mai, ko mahaɗar tiyon mai. Dokar ba tamu ba ce, amma ruwa da fetur halinsu ɗaya ne a ko'ina. Akwatin kuma kada a toshe shi ruf. Batir yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, wadda ke kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Ita sama take tashi, don haka ramin shan iska a sama ake barinsa. Wanda ya kai batir ƙarƙashin benci ya rufe shi da buhuna da tabarma ya gyara wata matsala ya haifi wata.

Doguwar jar waya da ta ratsa jirgi haɗari ce da babu shi a da. Idan robarta ta goge ta taɓa baƙar, batir zai juye mata ɗaruruwan amfiya nan take, ta yi ja, roba ta kama. Saboda haka a zura wayoyin cikin bututun roba, a bi da su ta gefen jirgi daga sama, ba ta ƙasa inda ake taka su ana jan kwanduna da buhuna a kansu ba, a kuma riƙe su da maɗauri duk bayan santimita 45. Inda suka ratsa katako ko ƙarfe a sa roba a bakin ramin. A kafa babban makunni a kan jar waya kusa da batir, wanda zai iya ɗaukar wutar kik, don a kashe komai idan an bar jirgi ko an ji ƙauri.

Fiyus kuwa, aikinsa kare waya ne, shi ya sa ake sa shi kusa da batir, ba kusa da fitila ba. ABYC ta ce cikin inci 7, kusan santimita 18, daga inda wutar ta taso. Ta keɓe wayar kik daga wannan sharaɗi saboda yawan wutar da take ja, amma da yake yanzu wayar ta yi tsawo, akwai manyan fiyus da ake ɗaurawa a kan batir kai tsaye, har masu amfiya 300, kuma sa ɗaya wanda ya dace da injin da kaurin wayar ba asara ba ne. Duk sauran wayoyi, na fitila, na famfo, na farantin sola, kowacce da nata fiyus. In ya ƙone a nemo dalili, kada a ɗaure wurin da sili ko takardar sigari. Su ma ƙananan wayoyin nan sun ƙara tsawo, a sake musu lissafi. Ƙa'idar ita ce asarar kada ta wuce kashi 3 cikin 100 a abubuwan da rai ya dogara da su, kamar fitilun hanya da famfon kwashe ruwa, wato bolt 0.36, sauran kuma har kashi 10. Famfo mai jan amfiya 5 a tafiyar mita 10 zai rasa kusan bolt 0.6 a waya mai lamba 1.5, amma 0.35 kawai a mai 2.5.

Ranar aiki, a fitar da jarkokin mai daga jirgi, a bar iska ta ratsa, a cire zoben yatsa da agogon ƙarfe. Baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshen mayarwa. A duba alamar tarawa da ta ɗebewa a jikin batir sau biyu kafin a ɗaura, domin juya su ko na ƙiftawar ido ne yana iya ƙona na'urar cajin inji. Haka ma cire kan batir ko kashe babban makunni alhali inji na aiki. Idan waya launi ɗaya kawai aka samu a kasuwa, a naɗa jan salatif a bakuna biyu na wadda za ta zama ja tun kafin a zura ta cikin bututu.

Kada a tafi ruwa sai an gwada, kuma tashin inji sau ɗaya ba shaida ba ne. A samo na'urar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo. A zare igiyar kashe inji don ya juya ba tare da ya kama ba, a ɗora tsinke ɗaya a jan kan batir, ɗayan a inda jar waya ta ƙare a jikin inji, da ƙarin siririyar waya idan ta na'urar ba ta kai ba, sannan wani ya murɗa makulli na 'yan daƙiƙu. Lambar da ta fito ita ce asarar wannan wayar. A maimaita a baƙar. Idan ɗaya ta haura rabin bolt, ko wayar ta yi siriri ko wata mahaɗa ba ta zauna ba. Bayan an saki makulli a bi mahaɗun da hannu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ɗumama ita ce mai laifi. A sake duba notuna bayan mako guda na aiki, domin sukan saki.

Wanda ya yi lissafi ya ga kuɗinsa ba zai kai ga wayar da ta dace ba, gara ya bar batirin a baya, ya saya masa akwati da maɗauri, ya ɗaga shi daga ruwa, ya matsar da jarkokin fetur nesa da shi, har ranar da kuɗin waya ya samu.